Furojet Ɗin Hamdiyya da Ɗan Mai Ɗori

Warin albasa ne ya fara tarbar Hamdiyya da ta sauka daga motar Jega a tashar Aliero. Buhuna jibge har bakin titi, 'yan dako na ta kai da komo. Ta gyara rataya jakarta mai ɗauke da takardun tambayoyi ɗari da ashirin da wata 'yar rikoda mai kaset, ta tambayi hanyar gidan Malam Kalilu mai ɗori.

Shekararta ta ƙarshe ke nan a digirin aikin jinya a Sakkwato, kuma ba mai fita sai ya yi furojet, wato binciken kammala karatu. Ƙawayenta duk sun zaɓi abin da za su yi daga cikin asibiti. Ita ko ta kafe sai ta gano abin da ya sa wanda ya karye yake wuce asibiti ya nufi masu ɗori, da kuma abin da ke samunsa bayan nan.

A zauren gidan ta tarar da wani ɗan kabu-kabu kwance bisa tabarma yana nishi. Wani dattijo, Malam Kalilu, na ɗaure masa karare a ƙwauri, wani saurayi dogo mai saje na riƙe da ƙafar. Ta yi sallama ta tsaya gefe. Amma da idonta ya faɗa kan yatsun ƙafar mutumin, sai bakinta ya riga ta.

"Malam, a yi mani afuwa, ɗaurin nan ya yi tsauri. Jini ba ya sauka yatsunsa."

Dattijon ya ɗago ya dube ta, ya dubi rikodar da ke leƙowa daga jakarta.

"Ke ɗiyar wa ce? Wa ya aiko ki?"

Ta miƙa takardar makaranta hannu bibbiyu. Bai karɓa ba.

"Shekara arba'in ina aikin ga, ban taɓa ganin mai takarda ya zo mana da alheri ba. Ku rubuta, ku kai Birnin Kebbi, gobe a zo a ce mu rufe. Tashi ki ba mu wuri."

Ta fito idonta cike da ƙwalla. Ta kusa kwanar layi ta ji ana cewa, "Malama! Malama Nas!" Saurayin nan ne, yana goge hannu da gefen riga.

"Sunana Sirajo, ni ɗansa ne. Na sassauta ɗaurin. Yatsun sun fara dawowa."

"To madalla," in ji ta, ta ci gaba da tafiya.

"Takardun nan, in kina so zan taimaka maki. Duk wanda Baba ya yi wa ɗori na san gidansa."

Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa. "Mahaifinka ya kore ni, kai kuma ka biyo ni. Shi ya turo ka ka ji abin da nake rubutawa?"

Ya yi murmushi. "Da shi ya turo ni, da ba ki ga ina waige ba."

Ba ta so ba, amma dariya ta kuɓuce mata.

Sirajo malamin firamare ne a Jiga Makera, yana da 'yar gonarsa ta albasa, ranar da babu makaranta kuma yana kama wa mahaifinsa aiki. Sai da ta yi mako guda tana juya maganar a ranta kafin ta kira lambar da ya rubuta mata. Suka raba aikin: ita ta ɗauki Jega da cikin Aliero, shi ya karɓi takardu hamsin na ƙauyukan Maiyama, wuraren da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Ta ba shi ƙaramin littafi, ta ce ya riƙa rubuta sunan kowa da lambar takardarsa a ciki, a jikin takarda kuwa kada suna ya fito.

A lokacin wayar salula ba ta daɗe da shiga ƙasar ba. A Jiga Makera sai ya hau tudun bayan makaranta kafin saƙo ya fita.

"Nas ɗina, yau na yi Andarai, mutum shida. Babur ya yi faci sau biyu. Wata tsohuwa ta ce in gaida mai takarda. Ni kuma na ce gaisuwar tawa ta fi tata nauyi."

Ta karanta sau uku kafin ta mayar: "Malam Sirajo, ka da ka cika takardar da daɗin baki. Amsa kawai nake so."

"Amsar tambaya ta nawa? Ni akwai wadda nake son yi maki, ba ta cikin takarda."

Ba ta ba shi amsa ba ranar. Washegari da safe dai ta rubuta: "Ka karya kumallo kafin ka hau babur, Malamina."

Daga nan abin ya zarce. Duk Asabar sukan haɗu a tashar Aliero, ya miƙa mata takardun da ya cika, ta miƙa masa kilishin rumfar mahaifinta, su tsaya hira har direban Jega ya gaji da danna oda.

A ɗaya daga cikin waɗannan Asabar ɗin ne Zaharaddeen ya gan su. Ɗan goggonta ne, mai kemis a Jega, wanda tun tana sakandare yake faɗa wa mutane cewa matarsa yake jira ta gama karatu. Ita ba ta taɓa amsa masa ba.

Da ta koma gida Sabon Gari, mahaifinta Alhaji Usmanu, babban mahauci a kasuwar Jega, yana zaune tsakar gida bai ko tuɓe hula ba.

"Hamdiyya, karatu na tura ki ko zance a tasha?"

"Baba, taimakona yake a kan furojet."

"Ɗan mai ɗori?" Ya nuna ɗakin da ke gefen zaure. "Kin manta wanda ke cikin ɗakin can?"

Ba ta manta ba. Baffanta Lauwali ne, ƙanen mahaifinta. Tana 'yar shekara tara mota ta buge shi, aka kai shi wani gidan ɗori a wani ƙauye, ƙafar ta ruɓe, sai yanke ta aka yi. Shi ne ma dalilin da ya sa ta zaɓi wannan bincike, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa Sirajo ba.

"Ba a gidansu aka yi wa Baffa ba, Baba."

"Duk ɗaya suke a wurina. Ki gama takardarki ki fita harkarsa. Jinina ba zai shiga gidan ɗori ba."

Innarta Tabawa ta bi ta ɗaki ta ce a hankali, "Ki bi sannu, ɗiyata. Kin tabbata ma yaron ga ba don ya san abin da za ki rubuta kan ubansa yake bin ki ba?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Bayan kwana biyu Zaharaddeen ya ƙara mata wata. Ya shigo gaida Inna, ya same ta tana jera takardu a tabarma.

"Ƙanwata, ni tausayinki nake ji. An ce mani a gindin bishiya yake zama ya cike su da kansa. Wa zai ƙona mai ya tafi Andarai saboda takarda? Ki duba rubutun mana."

Da ya fita ta ware takardun Sirajo ta baza. A cikin hamsin, arba'in da uku hannu ɗaya ne: biro shuɗi, haruffa masu karkata dama, irin rubutun da ke cikin ƙaramin littafin sunayen da ya mayar mata.

Ta yi niyyar tambayarsa, amma washegari ce ranar kai aiki gaban Dokta Hamsatu, malamar da ke duba furojet ɗinta a Sakkwato. Matar ba ta yi minti biyar tana juya takardun ba ta cire tabarau.

"Hamdiyya, wa ya cika waɗannan?"

"Wani ne ya taimaka mani, Dokta."

"Wanene shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan mai ɗorin ne."

"Kin ba ɗan mutumin da kike bincike a kansa takardunki?" Dokta ta ajiye takardun. "Ƙirƙirar amsa laifin kora ne, kin sani. Zan zaɓi lamba goma da kaina. Ki je ki nemo mutanen, ki ɗauko muryarsu a kaset. In sun yi daidai da abin da ke rubuce, mu ci gaba. In ba su yi ba, sai kwamiti. Mako biyu na ba ki."

Daga tashar Sakkwato ba ta wuce gida ba, Aliero ta sauka. Ta tura masa saƙo: "Ka zo tasha yanzu." Ya zo, amma ba da fuskar da ta saba gani ba.

"Sirajo, kai ka cika takardun nan?"

"Awo, ƙwarai ni na rubuta su."

"Shekara biyar ina karatu! Ka san kora ta za a yi?"

"Ni ma ina da tambaya," in ji shi. "Mi ya sa ba ki taɓa gaya mani an yanke wa baffanki ƙafa ba? An zo har zaure an faɗa wa Baba cewa ramuwa kika zo yi. Littafin sunayen da kika sa na rubuta, an ce shi za ki kai a kama mu da shi. Da hannuna na tara maki shaidu kan mahaifina, Hamdiyya?"

"Haka ka ɗauke ni?"

"Ke fa, yaya kika ɗauke ni?"

Suka tsaya suna kallon juna, kowa na jiran ɗaya ya musanta. Ba wanda ya yi. Ta shiga mota ba sallama.

Kwana huɗu wayarta ba ta yi ƙara ba. Ran na biyar, ranar kasuwa, ta ɗauki rikoda da littafin sunaye ta shiga motar Maiyama, daga can ta hau kabu-kabu zuwa Andarai. A hanya tana ta shirya yadda za ta faɗa wa mahaifinta an kore ta.

Lamba ta farko da Dokta ta zaɓa ta wata tsohuwa ce, Gudiya. Ta same ta tana sussukar gero da hannu ɗaya, ɗayan a karkace.

"Ke ce mai takarda? Ina dogon yaron nan?"

"Ya taɓa zuwa nan, Iya?"

"Sau uku! Na farko na kore shi. Na biyu ina gona. Na uku ya zauna nan inda kike, yana karanto mani ina ba shi amsa yana rubutawa. Mu ina muka iya boko? Kaf unguwar ga mutum biyu ke riƙe biro."

Hamdiyya ta ji kunya ta rufe ta. Ita da ta yi Jega da cikin gari, inda mafi yawa suka cika da kansu, ko sau ɗaya ba ta kawo wannan a ranta ba. Ta danna rikoda ta ce, "Iya, mi kika gaya masa game da hannunki?"

"Na ce ubansa ne ya ɗora shi, kuma bai ɗoru daidai ba. Ban san ɗansa ne ba sai bayan na gama faɗa. Na ce to goge. Ya ce a'a Iya, mai takardar ta ce gaskiya take so."

Hamdiyya ta buɗe takardar. Ga shi nan da shuɗin biro, kalma bayan kalma: "Malam Kalilu ya ɗora mani, hannun ya warke a karkace, ba na iya ɗaukar tulu."

Kwana uku ta yi tana zagaye. Tara daga cikin goman ta same su, amsarsu ba ta saɓa ba. Na goman ya tafi cin rani, matarsa ta shaida an zo. Daga tashar Maiyama ta rubuta masa:

"Malamina, na je Andarai. Na ga Iya Gudiya. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka yafe mani. Maganar Baffa gaskiya ce, tsoro ya hana ni faɗa maka. Amma ka roƙa mani Baba ya ba ni awa ɗaya. Zan karanta masa duk abin da na rubuta, da Hausa, kafin kowa ya gani."

Sai bayan la'asar amsa ta shigo: "Ranar Juma'a bayan masallaci. Kin ci abinci kuwa?"

Ranar Juma'a ta durƙusa a zauren da aka kore ta. Malam Kalilu na zaune bisa buzu, Sirajo na bakin ƙofa. Ta fara ajiye littafin sunaye gaban dattijon.

"Baba, malamata ta riga ta saurari kaset, aikin littafin nan ya ƙare. Ga shi, ka yi yadda ka so da shi. Babu sunan kowa cikin furojet ɗina, har naka."

Sannan ta karanta. Ta karanta cewa mafi yawan mutanen sun warke sun koma gona. Sun ce mai ɗori ba ya yi masu tsawa, ba ya sa su jiran layi, yana kwana da su a ransa. Dattijon na gyaɗa kai. Sai ta zo wurin da ya fi wuyar faɗa: mutum goma sha huɗu sun sami matsala, yawancinsu saboda ɗauri mai tsauri, ko karaya mai rauni a buɗe da aka riƙe a gida har ta yi ruwa.

"Tsaya," in ji shi. "Cikin sha huɗun nan, nawa ne nawa?"

"Biyar, Baba."

Sirajo ya sunkuyar da kai. Dattijon ya ja carbinsa.

"Shida ne," ya ce daga ƙarshe. "Akwai wani bafillace da ba ku samu ba. Har yau ina ganinsa in na rufe ido." Ya share fuska da tafin hannu. "To mi kika ce a yi mana? A rufe?"

"A'a. Na ce a koya wa masu ɗori alamomin da in sun gani za su tura mutum asibiti da wuri. Ma'aikatan asibiti kuma su koyi yadda kuke karɓar mutane."

"Ba haka mai kemis ɗin nan ya gaya mani ba. Wanda ya ce shi ɗan goggonki ne."

Hamdiyya ta juya ta dubi Sirajo, shi ma ita yake kallo.

"Shi ne ya ce mani a gindin bishiya kake cike takardun," ta ce a hankali.

Sirajo ya raka ta tasha. Can ya ce, "Kwanakin nan ko allo ban iya rubutu daidai ba. Yara har sun gane."

"Kai ka fara yin shiru."

"Ke kika shiga mota ba sallama, Nas ɗina."

"To ga sallamar yau, har da ta rannan."

Ta kare furojet ɗinta gaban malamai biyar, suka yi mata tambayoyi har ta yi gumi, ta fito da sakamako mai kyau. Zaharaddeen kuwa, tun ranar da Inna Tabawa ta kira shi ɗaki ta rufe ƙofa, bai ƙara taka gidan ba. Saura Alhaji Usmanu, wanda ya ce ko an wanke yaron, maganarsa na nan.

Malam Kalilu bai aiko wakili ba. Da kansa ya zo Jega, ya yi sallama, ya ce ba wurin Alhaji ya fara zuwa ba, wurin Lauwali ya zo. Ya shiga ɗakin gefen zaure ya zauna ƙasa gaban mai ƙafa ɗaya.

"Ba ni na ɗora maka ba, amma sana'ata ce ta yi maka wanga. Na zo in ba ka haƙuri. Wata ukun nan mutum huɗu na tura asibiti da hannuna, saboda abin da ɗiyarku ta karanta mani."

Baffa Lauwali ya dube shi. Sannan ya jawo sandunansa ya miƙe, ya fito tsakar gida inda yayansa ke zaune.

"Yaya, shekara goma sha biyar kana fushi a madadina. Na gode. Amma ƙafata ce aka yanke, kuma yau ne karon farko da wani ya ce mani in yi haƙuri. Ni ne waliyyin Hamdiyya. In ka yarje mani, na ba su."

Alhaji Usmanu ya cire hula ya mayar. Ya dubi ƙofar ɗakin da ya san 'yarsa na bayanta tana saurare.

"Ke Hamdiyya, kina son shi?"

Sai muryar Inna Tabawa daga ciki: "Ta rufe fuska da filo, Alhaji."

Har Alhajin sai da ya murmusa. "To Allah ya sa alheri. Amma sai ta fara aiki, kuma ba mai hana ta."

Bayan girbin albasa, ta riga ta kama aiki, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Usmanu. Mahautan Jega suka yanka shanu biyu, motocin Aliero suka cika layi, Dokta Hamsatu ta zo tun daga Sakkwato da turmin atamfa. Da yamma aka kai amarya. Kafin a wuce da ita ɗakinta, Malam Kalilu ya sa aka tsaya da ita gabansa, ya kira Sirajo ya durƙusa kusa da ita.

"Sirajo, ga amana. In ka ji magana a kanta, ita za ka fara tambaya. Ke ma haka, ɗiyata." Ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai jin ƙan mutane, ya sa ku tsufa tare."

Gidan ya ɗauka da amin, mata suka rangaɗa guɗa. Daga ƙarƙashin mayafi Hamdiyya ta ji Sirajo ya matso ya raɗa mata, "Sannu da zuwa gida, matata."